Baba Mai Kifi, Wanda Ya Shawo Kan Gwaggo

Ƙarfe bakwai na safe za ka gan shi yana tura kekensa, jarka biyu ta ruwan gishiri ɗaure a baya. Shekara ashirin da shida ke nan yana zaga gidajen masu kiwon kifin teku a tankin gilashi. In ya shiga gida ba ya gaggawar taɓa komai. Zai gaisa, ya ɗauraye hannu har gwiwa ba sabulu, ya ja kujera ya zauna gaban tanki kamar mai jiran likita. Sai ya ga wa ya ɓuya, wa ya ƙi ci, wa aka yage wa wutsiya, sannan ya auna gishirin ruwan ya goge gansakuka. Baba Mai Kifi muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zan bari ya tafi shiru ba.

Maƙwabciyarmu ta shaida ranar da injin iskar tankinta ya tsaya, ya wuni yana kamfatar ruwa da kofi yana tsiyayawa daga sama don kifayen su sami numfashi, ko ɗaya bai mutu ba. Amma ni abin da na gani da idona zan faɗa.

Tankin falonmu na mahaifiyata ne. A ciki akwai kifaye biyu masu launin lemo da farar ɗamara uku, irin masu tafiya suna rangaji. Babbar muke kira Gwaggo, don faɗanta ya fi ƙarfin jikinta, ko yatsa ka tsoma sai ta cije ka. Bayan rasuwar mahaifiyata, wannan tankin kaɗai ke fito da Abbanmu daga ɗaki. Zai zuba musu abinci, ya zauna, wani lokaci har ya karya kumallo a wurin. Wata huɗu da rasuwar, abokin zaman Gwaggo shi ma ya mutu.

A nan na yi tawa ɓarnar. Ni mai garaje ce tun ina ƙarama. Ban jira Baba ba, na je na zaɓo kifi kai ɗaya da Gwaggo, wai ai girmamawa ce a samo mata sa'arta. Kafin la'asar ta yi masa kaca-kaca, kwana uku muka tsamo gawarsa.

"A fitar da tankin nan," in ji Abba. "Na gaji da kallon mutuwa a gidana."

Na san in tankin ya fita, Abba ya koma ɗaki ke nan.

Da Baba ya zo ya ji, bai yi mini faɗa ba, kai kawai ya girgiza. "'Yata, ai wata Gwaggon kika kawo mata. Su waɗannan, wanda ya fi girma shi ke rikiɗa ya zama mace, kuma ita ce mai gida. Ba a sarki biyu a gari ɗaya." Ya juya wajen Abba. "Maigida, ba ni kwana goma. In ban yi ba, ni da kaina zan ɗauke shi."

Washegari ya zo da wani ɗan mitsitsi da bai wuce gaɓar yatsa ba. Na ce, "Baba, wannan ai loma ɗaya ce!"

"Ke dai zuba ido."

Ya sa shi a wani ƙaramin akwati garai-garai mai hujoji, ya rataye a cikin tankin, Gwaggo na ganinsa amma ba ta iya kai masa. Ta dinga dukan akwatin da baki kamar ta haukace. Sai Baba ya miƙa wa Abba fensir da takarda.

"Ni ina da wasu gidajen. Kai za ka riƙa ƙirga mini sau nawa ta kai hari, daga safe zuwa azahar. In ka yi kuskure, ɗan nan ne zai biya."

Abba ya karɓa yana gunaguni, amma ya zauna. Ranar farko hari arba'in da ɗaya. Rana ta huɗu goma sha tara. Na fara jin sa yana cewa, "Haba Gwaggo, ki ji tsoron Allah mana." Baba kuwa kullum sai ya leƙo ya duba takardar da muhimmanci, ko da ba ranar zuwansa gidanmu ba ce. Rana ta takwas hari biyu.

A rana ta tara ya sauya wa duwatsun tankin wuri don Gwaggo ta rikice da iyakarta, ya ciyar da ita ta ƙoshi, ya sa na saki labule don haske ya ragu. Sannan ya buɗe akwatin.

Gwaggo ta taho kamar kibiya. Ɗan ƙaramin ya kwanta a gefe ɗaya, jikinsa ya ɗauki kakkarwa tun daga kai har wutsiya. Na ce shi ke nan, ta kashe shi, na wawuri ragar kamun kifi. Ban kai ga ruwan ba Baba ya riƙe mini hannu.

"Bari! Ba mutuwa yake ba, gaisuwa yake. Ce mata yake, na san gidanki ne. In kika tsame shi yanzu, kin ɓata kwana tara."

Na tsaya. Gwaggo ta zagaya shi sau biyu, ta ɗan zungure shi, ya sake karkarwa. Sai kawai ta juya ta koma gindin dutsenta, shi kuma ya bi bayanta a hankali, ba ta kore shi ba. Abba ya kwashe da dariya, dariyar da rabonmu da ji tun kafin jinyar mahaifiyata.

Kai ne, Baba, ka san cewa sulhu ba a yi masa garaje. Kai ne mai karanta maganar waɗanda ba su da murya. Har yau ban sani ba ko da gaske kana bukatar ƙirgar nan, ko dai ka ga ba Gwaggo kaɗai ke bukatar magani a falonmu ba, har da Abba. Na tambaye ka, ka ce kai kifi kawai ka sani.

Yanzu hannunsa ya fara rawa, jarka ta fi ƙarfinsa. Makon jiya ya zo ban kwana, ya tarar da ƙwai ja-ja manne a jikin dutse, ɗan ƙaramin yana yi musu fifita, Gwaggo na gadi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna mana. "Kun gani? Ni ma na fara gaida tsufa, na san gidansa ne." Ya ciro abin awon gishirinsa ya danƙa wa Abba.

Mun gode, Baba Mai Kifi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, duk mai sana'a a cikinku ya koyi zama ya duba kafin ya tsoma hannu. Yau da safe ƙarfe bakwai na ji motsi a falo. Abba ne ya naɗe hannun riga har gwiwa, ya ja kujera gaban tanki, ya ce kada wanda ya yi masa magana sai ya gama dubawa.