Yashin da Aka Zuba a Rumfar Zaɓe

Shekarar da aka ce kowane magidanci zai jefa ƙuri'a da hannunsa, Turawa na shirin tattara komatsansu, ni kuwa ina noman rake a wata 'yar fadama bayan ƙauyenmu, can wajen Gubuchi. Fadamar ba gado ba ce, aro ce daga hannun dagaci, kuma da ita nake ciyar da gidana. Kowa ya san akwatin da dagaci yake so. Ni ma ina da wanda nake so, kuma ba ɗaya ba ne.

Malamin zaɓe ya zo daga Zariya yana ta rantsuwa wai abin sirri ne. Rumfar zana ce, akwatuna a jere kowanne da alamarsa, ka shiga kai kaɗai, daga kai sai Allah. Jin sa kawai na yi. Garin da in ka yi atishawa a ɗaka sai an amsa maka daga bakin rijiya, ina sirri a nan?

Ana gobe zaɓe na ga jakunan dagaci suna hawowa daga rafi da yashi. Aka zube shi cikin rumfar, aka baje shi sumul. Ƙanen dagaci ne tsaye a kan aikin, na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Don kada ƙura ta dami baƙi."

Na ce, "Allah sarki, baƙi sun gode."

Mutumin da bai taɓa share ƙofar gidansa ba, yau shi ne da tsintsiya. Ruwa ba ya tsami banza. Hankalina ya tashi, don ƙafata ta hagu yatsu huɗu gare ta, fartanya ta cinye ɗaya tun ina saurayi. Ko makaho ya shafa sawuna ya san ni ne.

Da safe dagaci ya sa aka shimfiɗa masa buzu daf da ƙofar rumfar. Wa zai wuce gabansa da takalmi? Duk muka tuɓe. Wanda ya fito kuma, sai ƙanen nan ya leƙa da tsintsiyarsa, wai yana gyara wuri.

Da aka zo kaina na nufi akwatin dagaci kai tsaye, na dasa ƙafafuna a gabansa yadda za su fito raɗau. Sannan na karkata, na miƙa hannu iya tsawonsa, na cusa takardata a akwatin da ke gefe. Na fito ina jin daɗin dabarata.

Ranar Juma'a bayan salla na durƙusa na gaishe da dagaci. Ya tambayi iyali, ya tambayi rake, sannan ya yi murmushi.

"Ashe hannunka da tsawo," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, yadda Allah ya yi shi ne."

A hanyar gida na gane. Wanda ya karkata, ƙafa ɗaya ce ke nutsewa a yashi, ɗayar kuwa da ƙyar take taɓa ƙasa.

Dagaci ya bar ni na sare raken shekarar. Da lokacin dashe ya zo, na tarar da ƙanensa a fadamar yana ta da kunyoyin shuka rake. Da raken nasa ya nuna har ya aiko mini da dami guda. Yara suka shanye, ni ban iya sa shi a baki ba.