Ranar da mota ta ɗauki Baba leda

Ko na tsufa na manta sunana, wannan Juma'ar ta birnin Lyon ba za ta fita raina ba. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai koya wa mota tuƙa kanta. Aikina shi ne in duba hotunan tituna a ordinater, wato kwamfuta, in zagaye mutum in ce mata wannan mutum ne, wancan kare ne, wannan kuwa shara ce. Dokar da aka ɗora mata ita ce in mutum ne gabanta ta taka birki ko da na cikinta zai ji ciwo, in leda ce ta wuce abinta.

Wata rana hotunan Château Rouge, wata unguwar mutanenmu a Paris, suka faɗo hannuna, dattawa sun fito masallaci cikin manyan riguna. Zagaye babbar riga akwai cin rai, ga shef, wato shugabanmu a wurin aiki, yana gaggawa. Gaskiyar magana kuma, kunya na ji a san mutanena ne. Na tura su cikin hotunan da muke cewa ba kasafai ake gani ba, waɗanda ba a koya wa motar, na ci gaba.

Bayan watanni, wata Juma'a, Baba ya taso daga Aubervilliers da ke gefen Paris don ya ga aikin ɗansa. Ya sha farar babbar riga, ya tsaya gaban motar gwaji a farfajiya, iska tana kaɗa rigar. Na duba allo. Motar ta rubuta leda, a wuce. 

"To, Malam injiniya, me ta ce?"

"Ta gane ka, Baba."

"Madalla! Ashe tana da ladabi."

Ya koma Paris yana ba abokan kasuwa labari. Ni kuma na sami shef na faɗa masa kome. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Za mu duba a gyara na gaba." Har na bar kamfanin ban ga gyaran ba.

Baba ya rasu a kan gadonsa, bai taɓa jin gaskiya daga bakina ba, kuma abin yana ci na har yau. Mutane na ta gardama kan wanda mota za ta zaɓa ta kaɗe. Ni na koyi cewa ba a titi ake zaɓen ba. Wani ne zaune a kujera yake yinsa tun da wuri, kuma ranar da ya faɗo kaina, ubana na cire daga cikin mutane.