Ragowar Fenti

Mijina mai fenti ne, ni kuma mai ɗinkin labule. Muna zaune a Ƙofar Sauri cikin gidan ƙasa da ya gada wajen mahaifinsa, gidan da ranar da aka kai ni ko ƙyauren kirki babu a ɗakina. Ban taɓa ganin mutum mai tsumulmula irinsa ba. In ƙusa ta lanƙwashe ba ya yar da ita, sai ya ɗora ta kan dutse ya miƙe ta da guduma. Burushi kuwa sai gashinsa ya ƙare tas, sannan ya cire icen ya ajiye, wai wata rana zai yi amfani. Na sha yi masa tsiya, ina cewa ranar da na mutu ma da ragowar yadi zai yi mini likkafani. Sai ya yi dariya ya ce ai ni ce mai ajiye ƙyallayen.

Amma da wannan halin nasa muka tashi. Ba mu taɓa kiran magini ko kafinta ba. Shi ya yi wa gidan filastar siminti ɗaki bayan ɗaki, ina kwaɓa masa ina miƙawa. Shi ya buga silin, shi ya ja wayar wuta, ni na harhaɗa guntayen yadi na rufe ƙofofi da tagogi. Abin da za mu ba ma'aikata sai in zuba shi a adashi. Da kwasata ta zo, muka fasa bangon zaure ta wajen titi, muka sa ƙofar ƙarfe, zaure ya zama shago. Maza su same shi a nan su yi maganar fenti, mata su wuce ciki wajena su zaɓi yadi. In ana biki mu tafi tare: ya shafe ɗakin amarya, in ya bushe in shiga in shimfiɗa leda, in rataya labule, in taya 'yan jere. Ba mu da gona, ba mu da albashi. Shagon nan shi ke ci da mu, kuma rabinsa a hannun daman mijina yake.

Da soja suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, aiki ya buɗe mana har muna ture wani. Duk wanda ya samu kujera sai ya sake wa gidansa fenti, matarsa ta sake labule. Duk mai neman kujera kuma sai ya kama shago ya mai da shi ofis, a shafe masa shi da launin da ya zaɓa. Mu babu ruwanmu da wanda ya ci ko wanda ya faɗi, wanda ya kira mu shi muke yi wa aiki.

A sana'arsu akwai wata al'ada: abin da ya rage a gwangwani bayan an gama aiki na mai fenti ne, sai fa in mai gida ya ce a bar masa kayansa. Da irin wannan ragowar aka shafe gidanmu kaf, shi ya sa ba ka samun bango biyu masu launi ɗaya. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya je kasuwa ya sayi fenti don kansa ba. A wurinsa wannan abin kunya ne, kamar mahauci ya je sayen nama.

Wata bazara mutum biyu 'yan jam'iyya ɗaya suka sa kujerar ciyaman a gaba. Ɗaya ɗan unguwarmu ne, ɗayan daga wajen Ƙofar Kaura. Na Ƙofar Kaura launinsa shuɗi ne da ruwan lemo. Motocinsa, hulunan yaransa, fastocinsa, duk haka suke. Mijina ne ya shafe masa ofis. Kuɗin siyasa ba a jin zafinsu, sai suka sayo fenti ya yi yawa, kuma mai mai ne, irin mai tsadar nan da ruwan sama ba ya wankewa. Ya dawo gida da gwangwanaye a bayan mashin yana washe baki. Bangon shagonmu na waje sabuwar filasta ce tsirara, ga damina ta matso. Bai yi shawara da kowa ba, ya shafa shuɗi a ƙasa, ruwan lemo a sama. Gaskiya ya yi kyau. Na leƙo na gani na yaba, na ce yau dai mun yi kama da masu kuɗi.

Washegari da hantsi mai unguwa ya yi sallama. Ina jin su daga bayan labule. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, aka tambayi zafi, sannan tsohon ya sassauta murya.

“Malam, bangon ga hwa ya jawo magana. Ka san unguwar ga ta wa ce. Ka sake mashi launi tun ba a kai ga ɓacin rai ba.”

“Ranka ya daɗe, fenti ne, ba ƙuri'a ba ce,” in ji mijina.

Ya yi masa bayani irin na masu sana'a, cewa fenti mai mai ba a hawa kansa sai ya bushe sosai, kuma rufe ruwan lemo sai an shafa sau biyu. Ya ce akwai gidan wani malamin makaranta da zai shafe da fari, in ya gama zai rufe bangon da abin da ya rage. Mai unguwa ya ce ya daure ya saya yau. Ni kuwa na san halin mijina, ba zai saya ba. Da ya shigo ma ni na ƙara masa ƙarfi. Na ce bangonmu ne, da guminmu muka yi shi, babu ɗan siyasar da ya taɓa miƙo mana ko cokalin siminti. Har gobe ina nan a kan bakana.

Daga nan sai ƙauraye suka shigo maganar. Haka muke kiran 'yan bangar da masu neman kujera ke ciyarwa da ƙwaya, suna yawo da adda da gora. Shugabansu na unguwarmu ba baƙo ba ne. Wani ƙato ne da a da yake leburanci, ya sha kwaɓa siminti a wuraren da mijina ke fenti, ya sha cin tuwona a zauren nan. Ya zo ya tsaya gaban shago idanunsa jajur, bai yi sallama ba. Ya tofa wa bangon yawu, ya ce kada ranar taron maigidansu, ɗan takarar nan na unguwarmu, ta zo ya tarar da launin nan. Na so in fita in wanke shi tas, mijina ya tare ƙofa ya ce in rufa masa asiri.

Aikin malamin makarantar ya ja, don sai da aka jira kafinta. Ranar da mijina ya gama, ranar ce ta taron. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Filato mai aikin jinya da muke shiri ƙwarai, ta shigo da rana ta ce mini gari ba lafiya, an fara jifa a wajen taro, mu rufe shago. Na faɗa masa. Ya ce ai ga farin fenti ya samu, yanzu zai rufe bangon kowa ya huta. Bayan la'asar ya kafa tsani ya hau. Cikin shagon kuwa labulayen wata amarya ne a rataye, na gama gugarsu, gobe za a kai.

Kusurwa ɗaya kawai ya rufe lokacin da na ji ihun. Na leƙa ta ƙofar da ke tsakanin gida da shago. Ƙauraye sun cika titi, suna kaɗa adduna a kwalta wuta na tashi. Ba wanda ya tsaya duba wane launi ne a burushinsa. Mutum suka gani a kan tsani jikin bangon abokin gabarsu. Wani ya fizge tsanin, mijina ya faɗo da baya, bokitin fentin ya kife a kansa. Suka rufe shi da gora. Ina jin ƙarar ice a jikin mutum, ƙarar da har yau in ana daka a maƙwabta sai gabana ya faɗi. Yana cewa, “Rufewa nike yi, ku duba, rufewa nike yi,” ba mai saurarensa.

Ban san yadda aka yi ya miƙe ba. Wani ya ce a ƙone shagon, ina jin wannan kalmar ce ta tashe shi. Ya rarrafa ya kai bakin ƙofa, ya miƙe, ya dafe ƙarfen ƙofar da hannun dama ya tare hanya, jini da farin fenti na zuba daga kansa. Ƙaton nan ya matso ya ce ya kauce. Mijina ya kira shi da sunansa, ya ce, “Kai ma ka ci abinci a nan.” Ƙaton ya ɗaga adda ya sari hannun a kan ƙarfen.

Na ga babban yatsan mijina da manuninsa sun faɗo a kan daɓen da muka yi da hannunmu. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa yana kallon hannun kamar na wani ne.

Daga nan ban ƙara jin tsoro ba, sai wani baƙin fushi da ya rufe mini ido. Kusa da ƙafata akwai gwangwanin ruwan lemo da ya rage, mijina ya tsinka shi da kananzir. Na ɓalle murfin da almakashina. Ƙaton ya tsallake mijina ya shigo, ya kai hannu zai fizgo labulen amarya. Na fito ko mayafi babu, na watsa masa gwangwanin duka a fuska, sannan na bi shi da gwangwanin na kwaɗa masa a baki har na ji haƙori ya karye. Na zage shi, na zagi wanda ya aiko shi, zagin da ban san na iya ba.

Fenti mai mai da kananzir in suka shiga ido ba wasa. Ya kurma ihu, ya juya ya fita a makance yana kai sara ko'ina. Saran farko ya samu ɗaya daga cikin yaransa a kafaɗa. A daidai lokacin wani ayarin nasu ya kunno kai daga wajen taro, a buge, ba su san abin da ya faru ba. Abin da suka gani shi ne ƙato ya fito daga wannan shago, tun daga kai har ƙirji launin abokin gaba, yana saran nasu. Suka yi kansa. Waɗanda suka san shi suna ihu suna cewa nasu ne, amma hayaniya ta hana a ji. Suka kai shi ƙasa, gora da adda da dutse. Ina tsaye a ƙofa ina kallo, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Da suka gane wanda suke duka, sai faɗa ya koma tsakaninsu. Suka ja shi a ƙasa suka yi gaba, suka bar mana titi da takalma da jini.

Maƙwabciyata ce ta fara isowa. Ba ta tambayi komai ba, ta yage gefen labulen amaryar ta ɗaure wa mijina hannun tam, ta sa ni na ɗaga shi sama. Na tsince yatsun na ƙunshe a ƙyalle na tafi da su asibiti, ina tsammanin ɗinki ne kamar nawa, a mayar a haɗa. Likita ya duba ya girgiza kai. 'Yan sanda sun zo bayan komai ya lafa, suka yi tambayoyi suka tafi, ba a kama kowa ba. Ƙaton ya rayu da ido ɗaya da ɗingishi. Masu neman kujerar kuwa ba a jima ba aka sasanta su, aka gan su a mota ɗaya suna ɗaga wa mutane hannu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Shago bai ƙone ba. Na sake ɗinka wa amarya labulenta, aikina ya ci gaba. Bangon kuwa abokan sana'ar mijina ne suka zo suka rufe shi da fari tun yana kwance.

Da hannun ya warke ya ce zai koma aiki. Ya gwada riƙe burushi da yatsun da suka rage, yana suɓucewa. Na ɗinka masa wani ɗan madauri yana ɗaure shi a tafin hannu, amma in ya ɗan jima sai hannun ya kama rawa. Ya koma hagu. Wani Alhaji da muka daɗe muna yi wa aiki ya ba shi falo, ya yi kwanaki yana fama, ya gama, Alhajin ya yaba ya sallame shi da mutunci. Bayan nan labari ya zo mana cewa ya kira wani mai fentin a ɓoye ya sake shafe falon, don gefen silin duk ya karkace. Ni na fara ji na ɓoye. Ashe shi ma ya ji.

Wata safiya ya fito da tsani ya jingina a ƙofar shago, ya ce in zo in riƙe masa. Tun faɗowar nan bai ƙara hawa ba sai da mai riƙewa. A saman ƙofar akwai allon da ya rubuta da kansa, an sa Fenti da Labule da Jeren Amare. Na ɗauka ƙura zai goge. Sai na ga ya tsoma burushi da hagu, ya fara rufe kalmar farko.

Na ce, “Malam, mi kake yi haka? Ka bari mu ga abin da Allah zai yi. Hannun ga bai gama warkewa ba.”

Bai kalle ni ba. Ya ce, “Ba ni son mutum ya zo don allo ya tarar babu mai aikin. Riƙe tsanin dai da kyau.”

Na riƙe. Ina kuka a bakin titi mutane na wucewa, yana shafawa a hankali, har ya rufe ta sau biyu.