Motar Baba Mai Bodin Katako

Ni mutum ne mai son tsofaffin motoci, irin son da matata ke kira ciwo. Tun da ba ni da halin ajiye ko ɗaya, sai nake ƙera nawa ƙanana da gwangwanin madara da falanki da waya, a wani ɗaki da na ƙwace a bayan gidanmu a Bosso. Na yi a-kori-kura, na yi kiya-kiya, na yi dogayen motocin Turawa da ban taɓa gani ba sai a hoto. Zane nake koyarwa a sakandare, kuma ina da girman kai a kan awo. In na ce faɗin taya kaza ne, to kaza ne, duk mai musu ya kawo rula.

Abin kunyar shi ne, tsohuwar motar da ta fi kusa da ni ban taɓa yi mata kallon arziki ba. Babana direba ne a zamaninsa. Yana da babbar mota mai bodin katako, yana ɗaukar doya da dawa tsakanin Minna da Wushishi da Kagara. Ina ɗan shekara huɗu injinta ya buga, aka turo ta tsakar gida, ba ta sake fita ba. Kafin in yi wayo an cire sitiyari da kujeru an sa wa wasu motocin, fenti ya kwaile, kaji suka mayar da gaban wurin saka ƙwai. Ni dai na tashi na ga tarin tsatsa ya cinye rabin gida. Baba kuwa kullum da hantsi a jikinta yake jingina, ya saurari rediyo.

Shekara uku da suka wuce ciwon suga ya kwantar da shi a asibiti, ciwon da ya tafi da idanunsa. Sai dabara ta zo mini: in gina masa ɗaki a ƙasa, kusa da ƙofa, ya huta da hawa matakala. Ban yi shawara da kowa ba, don ni a ganina mai ilimi ba ya neman izinin kawar da bola. Na kira 'yan gwangwan, kwana biyu suka yanka ta da wuta suka kwashe.

Da aka sallamo shi, washegari da hantsi ya ɗauki sanda da rediyo ya lallaba inda ya saba. Ya miƙa hannu, ya taɓa bulo.

"Ina take?" ya ce.

Na shiga bayani, irin dogon bayanin mai gaskiya a bakinsa. Ya bari na gama tsaf, ya ce, "To, madalla."

Daga nan Baba ya rufe mini ƙofa. Mutumin da ba ya gajiya da zolayata, sai gaisuwa kawai. Da matata yana hira, da maƙwabta yana dariya, da na yi sallama sai ya ƙara muryar rediyo. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, irin ba koman da gara a mare ka. Ya haura tamanin, jikinsa kullum ƙara ja baya yake, ni kuma tsoro ya kama ni kada ya tafi da wannan abin a ransa.

Sai na koma ga abin da na iya. Na ji labarin akwai gawar mota irinta a bakin hanya kusa da Zungeru, na je da rula da waya na aune ta ciki da waje. Wata huɗu ina aiki. Ƙofofi suna buɗewa, tayoyi suna juyawa, har 'yar kujera na ɗinka da fatar tsohuwar jaka. Na ɗora masa a cinya ina jiran yabo kamar ɗan firamare. Ya shafa bonet, ya shafa bodi, ya zura yatsa ta taga ya ɗan tsaya. Sai ya miƙo mini.

"Ta yi kyau," ya ce. "Ta wani ce."

Na fito raina a ɓace, ina faɗa ni kaɗai cewa tsufa ya zama rigima. Matata tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, ka auna motar Zungeru, amma ka tambayi wanda ya san ta Baba?" Na ji haushin maganar kwana biyu, na uku na bi ta.

Akwai wani dattijo Banufe, mutumin Bida, da ya yi shekaru yana zana motoci a bayan tasha, abokin Baba ne tun suna samari. Ya daina aiki, amma har yanzu yana zama a rumfarsa cikin tsofaffin gwangwanayen fenti. Na gaishe shi, na ajiye motar a gabansa, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya leƙa ta taga ɗaya, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, kai ne malamin zane? Motan babanka sitiyari na dama yake. Shi ya zo tun ba a canja hannu ba, lokacin muna bin hagu a titi. Da aka canja, kowa ya juya nashi, babanka ya ce shi ba za a taɓa mishi ba."

Shekara arba'in da ɗoriya ina wuce motar safe da yamma, ramin sitiyarin yana nan a dama, ban taɓa leƙawa ba. Ni da na haddace fitilun motocin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Dattijon bai bar ni da kunyata ba. Ya ce in riƙa zuwa bayan an tashi makaranta. Na farke gaban motar na mayar da komai dama, shi kuma ya ɗauki bodin. Hannunsa yana rawa in zai sha ruwa, amma da ya riƙe buroshi sai ya tsaya cak. Da gashin wutsiyar akuya ya ɗaure ɗan siririn buroshin da zai shiga wurin. Ya zana zaki a allon baya, da furanni a gefe, da rubutun goshi, Sannu Ba Ta Hana Zuwa, duk daga ka, yadda ya yi su da hannunsa tun ban zo duniya ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in fentin ya bushe sai ya sake bin sawunsa. Yau ya bi, gobe ya bi, har zakin ya fara tudu. Bakina da ba ya shiru na ce, "Baba, ai ya yi kauri, awon zai ɓaci."

"Wa zai kalla?" ya ce. "Kai ko shi? Abokina da yatsa yake gani yanzu."

Har gobe in na tuna wannan magana sai na yi wa dattijon nan addu'a. Ya koya mini abin da takardata ba ta koya mini ba, kuma bai taɓa goranta mini ba.

Wata Asabar da hantsi na sami Baba a ƙofar ɗakin da na gina masa. Na ajiye motar a cinyarsa, wannan karon na kame bakina. Ya zura yatsa ta taga ta dama, ya sami sitiyari, ya ɗan juya shi. Ya kewaya baya, yatsansa ya hau kan zakin, ya bi gezar, ya bi wutsiyar har ƙarshe. Ya kashe rediyo.

"Wannan hannun Banufen nan ne," ya ce. "Har yanzu bai iya wutsiya ba."

Ya dawo gaba yana shafa madigadin hagu, murfin da ke saman taya, wanda na yi kwana uku ina goge shi da samfefa har ya yi sumul. Ya daɗe a wurin.

"Nan akwai lotsawa."

Na ce, "Baba, ai ko'ina ta lotse."

"Wannan daban ce. Ranar da za a haife ka muna Wushishi, naƙuda ta zo wa mahaifiyarka da gardama, Allah ya jiƙanta. Na sauke doyar mutane a ƙasa, na sa ta a gaba. Ban taɓa gudu irin na ran nan ba. A gadar Zungeru na goga ƙarfe, ban tsaya ba sai ƙofar asibiti. Ko da aka sake wa motar fenti, ban bar fanabita ya daddale wurin ba. In na jingina, a nan nake sa hannu."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Na ce, "Baba, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ni ma ban faɗa maka ba. Je ka ɗauko gudumarka."

Na ɗauko 'yar ƙaramar gudumar da nake lanƙwasa gwangwani da ita. Ya kama hannuna ya ɗora a kan madigadin, daidai bayan fitila. Na doka a hankali, don tausayin aikina. Ya shafa.

"Ƙara," ya ce. "Ai kai ba da sauƙi ka zo ba."