Kainuwar da Na Dasa

Wata Asabar ce a watan Agusta, da misalin ƙarfe bakwai na safe, a unguwar Kamazou da ke Kaduna. Mu uku ne a bakin ramin kifi: ni, da mai ramin, maƙwabciyata, dattijuwa 'yar Binuwai da kowa ke kira Mama, sai wani mutumin Filato da ke sayar mata da 'ya'yan kifi. Ranar Juma'a Mama ta dawo daga jana'izar yayanta, bayan mako bakwai. Ni ta bar wa makulli da buhun abincin kifin.

Tun da masaƙar da take aiki ta rufe, karfasan ramin nan ne cinta da shanta. Kafin ta tafi ta yi mini kukan cewa rana na dafa ruwan. Na tuna kududdufin garinmu, yadda kainuwa ke rufe shi ruwan ya yi sanyi. Sai na je bakin Kogin Kaduna, na tarar da wani tsiro yana yawo a kan ruwa, na ɗebo guda uku a bokiti. A wurina duk abin da ke shawagi ba shi da gindi a ƙasa, kainuwa ne.

Kullum da yamma ina ɗage ganyen a kusurwa ɗaya in watsa abinci. Na ga ya yaɗu, ya fid da fure shuɗi mai kyau. Har hoto na tura mata.

Mutumin Filaton ya tsuguna ya tumɓuke ɗaya, wasu biyar suka biyo shi, duk a sarƙe da juna.

"Malam, wa ya ce maka wannan kainuwa ce?"

Na ce, "To mece ce?"

"Kainuwa ganyenta gashi-gashi ne, a buɗe kamar latas. Dubi wannan, sai sheƙi. Taɓa wuyansa." Na taɓa, na ji shi a kumbure, da taushi kamar soso. "Baƙo ne, daga Kudancin Amurka aka ce. Shi ne ke hana jiragen ruwa wucewa a Legas. Idan ya rufe ruwa, iska ta ƙare a ƙasa."

Ya sa manjagara ya ja ganyen gefe. Warin ne ya fara iso mu. Sai kifin suka taso, cikinsu fari a sama, wasu sun kumbura, wasu saiwa ta naɗe su. Ya sake ja, wasu suka sake tasowa. A kusurwar da nake ɗagewa ne kaɗai muka samu masu rai, bakinsu a saman ruwa suna haki. Su nake gani kullum in ce komai lafiya.

Mama ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Malam, me na yi maka?"

Na buɗe baki na ce ai a garinmu kainuwa…

"Kainuwa dashen Allah, ko? Wannan kam dashenka ne. Har da turo mini hoto, ina can ina nuna wa mutane a gidan makoki!"

Na tuɓe takalma na shiga ruwan, muka yi ta kwasa har azahar. Waɗanda suka rayu ba su cika baho ɗaya ba.

Na ce zan sayo mata wasu 'ya'yan kifin, ta ce ba ta da ƙarfin sake farawa. Kafin damina ta wuce ta sa aka cike ramin da ƙasa, ta shuka alayyahu a wurin.