Dattijuwar da Ke Gaida Roba

A zauren da ake koyar da ceton wanda zuciyarsa ta tsaya, wata dattijuwa ce ke jan hankalina. Gajera ce, ƙafar tabaraunta ɗaure da zare. Ta tuɓe awarwaro, ta durƙusa gaban mutum-mutumin roba.

"Sannu, bawan Allah. Ka yi haƙuri, zan danne ka."

Kowa ya sa dariya. A can inda na yi karatu, ban taɓa ganin an nemi afuwar roba ba.

Tana dannawa a tsakiyar ƙirji, tafi bisa tafi, tana ƙirgawa da ƙarfi. Na'urar da ke farfaɗo da zuciya da lantarki ta ce kowa ya janye hannu, ita kuwa ta amsa, "To, na ji."

A bakin jakarta ina hango kwalin maganin zuciya. Ina zaton ba nata ba ne.

"Malama," ta ce da mai koyarwa, "maigidana ya yi biyun wannan. In na karya masa haƙarƙari fa?"

"Yakan faru, Mama. Kada ki tsaya."

"To, ya karye ɗin. Ya dai tashi ya yi mini mita."

Ta gyara durƙuso, ta koma daga ɗaya.