Jan Biro a Takardar Tanko Maharbi

Har gobe ba zan manta da Talatar da na kashe Tanko Maharbi a Mairuwa ba. Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan, ku karanta kafin a tura ku ƙauye.

Ga wanda bai san aikinmu ba, da wasa muke koya wa manoma shirin fari da ambaliya. Mutum biyar su zauna a tabarma, kowa ya ƙirƙiri wani mutum ya zama shi. Ni ne mai jan wasa, ni ke ba da labari, ɗan lido ya yanke hukunci. Kowane mutumin wasa yana da takardarsa: suna, sana'a, kayan da ya mallaka, da gidajen lafiya goma. Da fensir ake cikewa don a riƙa gogewa. Jan biro aikinsa ɗaya ne. In lafiya ta ƙare, a ja layi, a sa takardar a fayil, a miƙa sabuwa, wasa ya ci gaba. Haka aka koya mana a ofis, kuma a birni ko minti biyu ba ya ɗauka.

A tabarmar Mairuwa akwai Baba Nomau, dattijo daga wata unguwar Maguzawa. Shi ke da Tanko, maharbi mai baka da kare. Baba bai karatun boko, don haka Malam Isiya tela ke rubuta masa komai da ajami a bayan takardar, lafiyar Tanko kuma wake goma ne a gwangwanin tumatir. Malam shi ke da Falke mai jaki. Kullum suna tsiya. Malam ya ce Tanko ko zabuwa bai taɓa harbowa ba, Baba ya ce jakin Falke ya fi Falke wayo.

Wata bakwai Tanko yana raye. Ranar, bayan la'asar, a labarin rafi ya cika, jakin Falke ya maƙale, Tanko ya shiga ceto da sauran wake biyu. Baba ya jefa ɗan lido, ya faɗi a ɗaya, waken biyu suka tafi. Shike nan.

Na zare takardar daga hannunsa, na ja layi, na miƙa masa sabuwa ina duba lokaci a waya. Na ce, "Baba, Tanko ya tafi. Wane suna za a sa wa sabon?"

Ya dubi takardar, ya dube ni. Ya sa takalmi ya ce zai je ya ga shanu. Kafin in rufe fayil sauran ma duk sun tuna da uzuri.

Talata ta zagayo, ni kaɗai da tabarma. Ta biyu ma haka. Ga ƙa'ida kuma: wurin da aka rasa zama uku a jere, rufe shi ake a kai kayan wani gari. Hajiya Binta, shugabar shiyyarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta kira ta ce da kanta za ta zo zama na uku.

Na tafi shagon Malam Isiya. Bai ko tsayar da keken ɗinki ba.

"Ɗan birni, a garinku in mutum ya faɗi, kafin a naɗe tabarma ake maye gurbinshi?"

Na ce, "Malam, takarda ce fa."

"Mun san takarda ce, mu ba yara ba ne. Amma wata bakwai mutumin ga na zaune da mu. Ceton jakina ya shiga. Ko sannu ba ka ce ma Baba ba. Bakan da karen kuma wa ka ba? Ka kulle mamu su cikin fayil."

Washegari na goya Malam a babur muka je gidan Baba. Muka same shi yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na daure na ce ya haƙuri, ina jin kaina wani iri. Ya amsa da godiya kamar gaske, sannan ya tambaye ni ko ni ne mugun ko ɗan lidon. Na ce mu biyu ne. Ya yi dariya har da tari. Na miƙa masa takardar Tanko, ya ninke ya sa a hula. Ya ce zai dawo, amma sai an raba kayan mamaci a gaban kowa, kuma ba a raɗa wa sabo suna sai ya kwana bakwai.

Talata ta uku tabarma ta cika, Hajiya na gefe a kujera. Baba ya yi rabo, ni ina rubutawa a takardar kowa. Takalmin Tanko ya ba wani, gorar ruwa wani. Kare ya ba Falke, wai don a samu mai hankali na biyu bayan jaki. Baka kuwa ya ce a ajiye wa ɗan Tanko, wanda zai zama sabon mutuminsa a wasan.

Hajiya ta tambaya me ya sa dattijon ba ya da takarda. Na yi bayani ina gumi. Ta ce ai fom ɗinmu ba ya da gurbin ɗa ko uba.

Baba ya ce, "To Hajiya, mutanen naku daga sama suke faɗowa?"

Ta karɓi fensir a hannuna, ta ɗauki fom ta rubuta a ƙasan suna: ɗan wa? Mairuwa ba a rufe ba. Mako na gaba aka raɗa wa yaron suna Barau, Malam ya zo da goro.

Gurbin "ɗan wa?" da kuke gani a sabon fom, asalinsa ke nan. Yanzu a wurina takardar wanda ya mutu ta mai ita ce, hoto kawai nake ɗauka in tura ofis, kuma ba na miƙa sabuwa ranar. Ku cike takardu da kyau, aikinmu ne. Amma duk garin da aka tura ku, kafin wasa ya yi nisa ku tambayi dattawan wurin yadda suke rabuwa da mutum. Ofis bai koya mini wannan ba, sai da na durƙusa a kan ɓawon gyaɗa.